Tambaya Ba Ridda Ba Ce

A kusan kowace unguwa ta ƙasar Hausa yau akwai saurayi ko budurwa da muke sallah tare, muke azumi tare, amma cikinsa fal yake da tambayoyin da ba zai taɓa furtawa a gabanmu ba. Ba ina zancen 'yan tsirarun da suka fito a Facebook suka shelanta cewa sun bar addini ba ne. Waɗannan an san su, kuma surutun da ake yi a kansu ya ninka yawansu. Wanda nake nufi shi ne yaron gida mai ladabi, wanda ke durƙusawa ya gaida manya, wanda in dare ya raba yake kwance da waya a hannu yana rubuta wa Google abin da ya kasa tambayar mahaifinsa. In Allah mai rahama ne, me ya sa jariri ke mutuwa da yunwa a bayan uwarsa? In an riga an rubuta komai tun ba a haife ni ba, a kan me za a kama ni? Me ma aka zo yi duniyar nan, mutum ya sha wahala shekara sittin a kai shi rami?

Ni a ganina mu muka kora shi can. Kuma akasarin abin da yake tambaya, in ka tona, ba daga littattafan falsafar Turawa ya ɗebo shi ba. Daga abin da idonsa ke gani a wurinmu ya samo shi.

Kwanakin baya na je gaisuwar mutuwa a wani ƙauye. 'Yan bindiga ne suka ɗauki maigidan, aka sayar da gona da shanun huɗa aka kai musu kuɗin fansa, suka karɓe, suka kuma kashe shi. Bayan la'asar, jama'a sun ragu, babban ɗansa, wanda bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, ya matso kusa da ni a kan tabarma. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Kawu, Baba fa ko ruwa ake tsugawa sai ya fita sallar asuba. Mun yi sauka, mun yi sadaka, Inna ba ta runtsa ba tunda aka tafi da shi. To addu'ar nan ina ta tafi?" Kafin in buɗe baki wani dattijo da ke gefe ya daka masa tsawa: "Kai! Yi istigfari! So kake ka kafirta a kan gawar ubanka?" Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce astagfirullah, ya tashi ya ci gaba da raba wa baƙi ruwa. Dattijon ya gyara zaman rawaninsa da alamar ya kashe wata wuta.

Bai kashe komai ba. Abin da ya koya wa yaron kawai shi ne kada ya sake yin wannan magana a inda manya suke. Tambayar tana nan, ta dai sauya wurin kwana. Abin mamaki kuma, a cikin Alƙur'anin da dattijon nan ya haddace akwai irin wannan kukan. Aya ta 214 ta Suratul Baƙara ta ba da labarin mutanen da tsanani da cuta suka shafa, aka girgiza su, har manzonsu da muminan da ke tare da shi suka ce, yaushe taimakon Allah zai zo? Ba a tsawatar musu ba, amsa aka ba su: taimakon Allah yana kusa. A cikin surar dai, aya ta 30, mala'iku sun tambayi Ubangiji ko zai sanya a bayan ƙasa wanda zai yi ɓarna ya zubar da jini. A aya ta 260 kuma Annabi Ibrahim, badaɗin Allah, ya roƙi a nuna masa yadda ake raya matattu. Aka ce masa, ba ka yi imani ba ne? Ya ce ya yi, yana dai so zuciyarsa ta natsu. Aka ce ya kama tsuntsaye huɗu. Wato an ɗauki buƙatar natsuwar zuciya a matsayin buƙata ta gaskiya, aka biya masa ita.

Muna karanta waɗannan ayoyi kowane Ramadan, mai jan baƙi ya ja da murya mai daɗi, malam ya fassara, mu yi kabbara. Amma in ɗan cikinmu ya yi abin da ya yi kama da shi, sai mu ce boko ya yi masa yawa, ko aljanu sun shafe shi a nemo mai ruƙiyya, ko mu liƙa masa sunan da ake yayi yanzu, ɗan boko aƙida.

Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya kamata a ce kowane uba ya san shi. Wasu sahabbai sun zo wa Manzon Allah (SAW) suka ce suna jin wani abu a zukatansu wanda ɗayansu ke ganin ya yi girma ya furta shi. Ya ce, kun ji hakan kuwa? Suka ce e. Ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Malamai sun bayyana cewa ƙyamar abin da suka ji da tsoron furta shi su ne alamar imanin. Abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne tun farko sun iya zuwa sun faɗa. Akwai ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Haka saurayin nan da ya zo majalisar Annabi ya ce a yi masa izinin zina, kamar yadda ya zo a ruwayar Imamu Ahmad. Mutane suka taso masa, Annabi ya ce ya matso kusa, ya zaunar da shi, ya shiga tambayarsa: za ka so a yi da mahaifiyarka? Da 'yarka fa? Da 'yar'uwarka? Kowace ya ce a'a, a ce masa haka mutane ma ba sa so. Sannan ya ɗora masa hannu ya yi masa addu'a. Da hankalin yaron da kunyarsa aka yi masa magana. A yau in saurayi ya miƙe a wani masallacin ya faɗi haka, Allah kaɗai ya san ko zai fita da ƙafafunsa.

Wannan tsoron ba ƙirƙira ba ce. Yaran nan suna da waya, sun ga abin da ya faru da Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato a watan Mayun 2022, sun ga na Usman Buda, mahauci kuma Musulmi, a Sakkwaton dai a watan Yunin 2023. An ce ɓatanci suka yi. Babu alƙalin da ya zauna ya saurari shaidu kafin a kashe su. Ba na cikin masu cewa ɓatanci ga Annabi ƙaramin abu ne, kuma ba na haɗa mai zagi da mai tambaya a ma'auni ɗaya. Sai dai taron da ya ɗauki dutse ba ya tsayawa tantance wanne ne wanne, kuma yaro ɗan shekara sha bakwai ya fahimci haka sarai. Don haka yake haɗiye maganarsa.

Ko labarin Mubarak Bala, wanda shi ne sunan da aka fi sani in ana wannan zance, akwai wani ɓangarensa da ba a cika tsayawa a kai ba. Kowa ya san an kama shi a Kaduna a watan Afrilun 2020 saboda rubuce-rubucensa na Facebook, babbar kotun Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da su 5 a 2024. Kalamansa sun ƙona ran mutane da yawa, har da ni. Amma tun a 2014, lokacin da ya faɗa wa danginsa cewa ya daina yin imani, asibitin masu taɓin hankali aka kai shi a Kano, ya yi kwana 18. Iyaye ne cikin ruɗewa, ba na zarginsu. Abin da nake cewa shi ne matakin farko da muka iya ɗauka ga ɗanmu da ya yi karatu har ya zama injiniya, shi ne mu ce ya haukace. Daga asibiti sai kurkuku, kuma ko ɗaya daga cikin biyun ba wurin amsa tambaya ba ne.

Magabatan da muke tinƙaho da su ba haka suka yi da kokwanto ba. Imamu Gazali, wanda har yau ake karanta Ihya'unsa a zaurukan Kano da Zariya da Katsina, da bakinsa ya ba da labarin yadda a ƙuruciyarsa ya shafe kusan wata biyu yana shakkar komai, har abin da idonsa ke gani da abin da hankalinsa ke yanke masa. Abin da ya fara tayar masa da hankali kuwa shi ne lura da ya yi cewa 'ya'yan Nasara suna tashi Nasara, 'ya'yan Yahudu Yahudu, 'ya'yan Musulmi Musulmi. Tambayar da yaran yanzu ke yi ke nan, kusan kalma da kalma. Daga baya, yana babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, inda aka naɗa shi a 1091, ɗalibai wajen 300 suna zama gabansa, sai ya duba ya ga karantarwar tasa neman suna ce da matsayi. A 1095 harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi, abinci ya daina shiga, likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake. Ya bar kujerar da dukiyar ya nufi Sham. Mutumin da ya bi ta wannan kwazazzabo shi aka wayi gari ana kira Hujjatul Islam. Da a unguwarmu ya tashi, da wuya ya tsallake matakin ruƙiyya.

A nan gida ma akwai abin koyi. Lokacin da Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi na Barno ya rubuto wa jagororin jihadin Sakkwato yana tuhumar hujjarsu ta yaƙar Musulmi 'yan'uwansu, tambayoyi ne masu zafi da suka taɓa tushen abin da suka tsaya a kai. Muhammadu Bello ya amsa da alƙalami, sannan ya kwafe wasiƙun abokin jayayyarsa ya saka a cikin Infaƙul Maisuri, inda duk mai karatu zai ga hujjar ɓangarorin biyu. Ana cikin yaƙi fa aka yi wannan.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce ai hadisi ya zo cewa Shaiɗan kan zo wa mutum ya ce wa ya halicci kaza, wa ya halicci kaza, har ya kai ga wa ya halicci Ubangijinka, kuma an ce wanda ya kai nan ya nemi tsari ya tsaya. Za a kuma kawo labarin mutumin da ya tambayi Imamu Malik yadda Allah ya daidaita a kan Al'arshi, Malik ya ce tambaya a kan haka bidi'a ce, ya sa aka fitar da shi. Duk gaskiya ne. Akwai tambayar da ba ta da gindi, wadda in ka bi ta sai ta yi ta juya ka a wuri ɗaya, kuma akwai mai tambayar da ba amsa yake nema ba, so yake a taru a yi dariya. Amma hadisin magani ne da aka ba mai waswasi ya yi wa kansa, ba bulala ce da aka miƙa wa na kusa da shi ba. Malik kuma sai da ya ba mutumin amsa, amsar da har yau ɗalibai ke haddacewa, kafin a fitar da shi. Malik ɗin nan dai an ruwaito cewa an taɓa yi masa tambaya 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki. Mu da muke cewa mazhabarsa muke bi, yaushe rabon da ka ji malami a kan mumbari ko a rediyo ya ce bai sani ba? Sau da yawa tsawar da ake daka wa yaro ba kishin addini ba ce zalla. Babban ne ba shi da amsa, kuma girma ya hana shi faɗa.

Yanzu ga inda maganar ta fi yi mini nauyi. In ka samu yaran nan suka saki jiki da kai, za ka tarar ba samuwar Allah ce ta fi damun yawancinsu ba. Halinmu ne. A watan Maris na 2000 aka yanke hannun Buba Jangebe a Zamfara saboda satar saniya, watanni kaɗan da ƙaddamar da shari'a a jihar, daga nan wasu jihohi 11 na Arewa suka bi sahu. An yi murna, an yi kabbara, an ce adalci ya zo. Yaron da aka haifa a waccan shekarar, yanzu ya zama magidanci. A tsawon rayuwarsa ya ji labarin biliyoyin da suka yi ɓatan dabo daga baitulmali, bai taɓa ganin an taɓa ko farcen mai babbar riga ba. A watan Fabrairun 2021 kuma, a garin Jangeben nan dai, aka shiga makarantar 'yan mata aka kwashe ɗalibai 279. Yaron nan ya san hadisin matar Banu Makhzum da ta yi sata, inda Annabi ya ce abin da ya halaka mutanen farko shi ne in mai daraja ya yi sata sai su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi. A Islamiyya aka koya masa. Da ya fito ya duba, sai ya ga mu ne mutanen farkon.

Yana ganin alhajin da ke zuwa Umara duk azumi amma yana riƙe da albashin masu yi masa aiki. Yana ganin ɗan kasuwar da ke ɓoye hatsi sai ya yi tsada, kuma shi ne a sahun gaba. Yana ganin yadda aka saki yayarsa da 'ya'ya huɗu ba ko kwanon masara, wanda ya sake ta kuma gemunsa har ƙirji. Yana ganin malamin da ya gama zagin wani ɗan siyasa bara, bana ga shi a cikin motar da ɗan siyasar ya ba shi. Gani ya kori ji. Sai tambaya ta taso masa: in addini ne ke gyara hali, ga mu mun fi kowa yawan masallatai, me ya sa amana ta yi ƙaranci haka? Daga nan taki ɗaya ne zuwa ga cewa ko dai addinin ne ba ya aiki. Kuskure ne ya kai can, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Amsar da muka saba bayarwa ita ce Musulunci daban, Musulmi daban. Gaskiya ce, amma ta gaji. An faɗe ta har ta zama hanyar zillewa, kamar dai laifin na wasu Musulmi ne da ke wata duniya. Gara a gaya wa yaro kai tsaye cewa abin da ya gani ɗin ya gani daidai, kuma ƙyamar da yake ji ba daga Shaiɗan take ba, ita ce fiɗirar da aka halicce shi a kanta. Addinin da kansa bai taɓa cewa kirki ya fara daga ranar da mutum ya yi kalmar shahada ba. Annabi ya ce an aiko shi ne don ya cika kyawawan ɗabi'u, wanda ke nuna akwai su, cikawa ya zo yi. Ya yabi Hilful Fuduli, yarjejeniyar taimakon wanda aka zalunta da Ƙuraishawa suka ƙulla a gidan Abdullahi ɗan Jud'an tun kafin aike, ya ce da za a kira shi ga irinta a Musulunci zai amsa. Don haka in 'yarka ta ce maƙwabciyarku Kirista ta fi wasu hajiyoyin unguwa gaskiya da tausayi, ba sai ka ƙaryata idonta ba kafin ka kare addininka.

Su ma masu cewa a ajiye addini gaba ɗaya ina da magana da su. Suna nuna kamar ranar da aka daina imani ranar ɓarawon gwamnati zai tuba. Ɓarawon nan ba aya ce ta sa shi sata ba, kuma in ka cire ayar, abin da ya rage na kunya ma ka cire masa. Sannan ba su da abin da za su ce wa matar da aka kashe wa miji da 'ya'ya a Tudun Biri a daren 3 ga Disambar 2023, lokacin da jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi, aka binne mutum aƙalla 85. In babu ranar hisabi, to shi ke nan an ci bulus, jininsu ya tafi. Ni hankalina bai iya ɗaukar wannan, kuma yana cikin abin da ke riƙe da ni. Amma wannan hujja ce da ake zama a shimfiɗa wa mutum, ya kawo tasa, a yi ta kai-komo, wataƙila a kwana ba a gama ba. Ba a cusa ta da mari.

Wani abin kuma da ba mu cika lura da shi ba: wani lokaci tambayar "me aka zo yi duniya" ba daga kai take fitowa ba, daga ciwo take. Saurayin da ya gama jami'a ya yi hidimar ƙasa, shekaru suna ta tafiya yana zaune a ɗakin soro, ƙannensa na ganin yana karɓar kuɗin kati a hannun uwarsu, in ya ce rayuwa ba ta da ma'ana, ciwon damuwa ne ke magana da bakinsa. Wannan likita yake buƙata da sana'a da wanda zai zauna kusa da shi. In ka amsa masa da wa'azin azabar kabari ka ƙara masa kaya.

Ba wai babu malaman da za su iya ba ne. Akwai su a zaure da jami'a, waɗanda suka karanta ilmin tauhidi da manɗiƙi da usulu, suka san cewa maganar ƙaddara da zaɓin ɗan'adam an yi ta tun ƙarnin farko na Musulunci, an rubuta mujalladai a kanta. Matsalar ita ce tambayar ba ta isa gare su. Duk wanda ya taɓa zama kusa da teburin malam a wurin tafsirin azumi ya san yadda ake yi. Ana turo 'yan takardu daga cikin jama'a, wasu daga ɓangaren mata, an ninke su ƙanana. Akwai almajirin da aikinsa shi ne ya buɗe ya tace. Ta gado ta wuce, ta saki uku ta wuce, ta wanda ya sha ruwa da mantuwa ta wuce. In ya ci karo da wadda aka rubuta, "Allah gafarta Malam, ina sallah amma zuciyata tana ce mini babu wanda ke ji na, yaya zan yi?" sai ya ɗan yamutsa fuska ya tura ta ƙarƙashin darduma, don kada a ɓata wa majalisi tsari, ko kada a ce malam yana yaɗa shubuha. Mai takardar kuwa yana nan zaune cikin taron, ya rubuta ba suna don kada a gane shi, yana jira har a shafa fatiha.

Da malamanmu za su ce wa masu tace takardun nan su riƙa ware irin waɗannan su miƙo su, a keɓe musu ko da dare ɗaya cikin goman tsakiya, a karanta su da babbar murya ba tare da an yi wa marubucin gori ko an ce ya je ya sake kalmar shahada ba, a amsa abin da aka sani, abin da ya gagara a ce sai an duba littafi a dawo gobe. Gidajen rediyon da ke ba malamai fili su ma za su iya karɓar irin waɗannan tambayoyi ta saƙon waya ba tare da karanta lambar mai aikowa ba. Ba ya buƙatar kuɗi ko izinin gwamnati, kuma malamin da ya fara zai sha suka daga abokan aikinsa, wannan kam babu makawa.